Maho a Rigar Sarauta: Nazari a kan Littafin Addu'o'in Gidan Sforza

1.0 Gabatarwa

A Laburaren Biritaniya da ke Landan akwai wani ɗan littafi rubutun hannu wanda tsawon shafinsa santimita 13 ne, faɗinsa kuwa santimita 9 da 'yan kai, watau bai fi tafin hannun babban mutum ba. Littafin addu'o'i ne na Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika, an rubuta shi da harshen Latin a kan fata, an ƙawata shi da zane-zane da ruwan zinariya. Yana da warƙa 348, da hotuna 64 masu cika shafi, da shafukan rubutu wajen 140 waɗanda aka yi wa gefensu zayyana. An fara shi a birnin Milan na ƙasar Italiya wajen shekarar 1490, domin wata mata ta gidan sarautar Sforza. Tun yana hannun mai zane aka sace wani babban kaso nasa, ba a kuwa cike gurbin abin da aka sace ba sai bayan kusan shekara talatin, a wata ƙasa dabam, da hannun wani gwani dabam.

Yawancin abin da ake faɗi game da wannan littafi yabon ƙawa ne da lissafin tsada. Wannan yabo gaskiya ne, amma bai isa nazari ba. Manufar wannan maƙala ita ce a duba tambayoyi biyu. Ta farko, tun da hannu biyu ne suka yi aikin, shin abin da ya fito littafi ɗaya ne, ko kuwa littattafai biyu ne aka ɗinke da zare ɗaya? Ta biyu, adon da aka zuba masa yana taimakon mai addu'a, ko kuwa yana janye hankalinsa zuwa ga mai littafin da gidansu? Kafin a kai ga amsa, tilas ne a san irin littafin da kuma hannuwan da ya bi.

2.0 Mene ne Littafin Sa'o'i?

Irin wannan littafi Turawa suna kiransa littafin sa'o'i, saboda an kasa addu'o'in da ke cikinsa bisa lokuta takwas na dare da yini, tun daga goshin asuba har zuwa lokacin kwanciya barci. Asalin tsarin na 'yan zuhudu ne da limaman coci. Daga ƙarni na 13 aka fara taƙaita shi domin mutanen gari, sarakuna da attajirai da matansu, su ma su riƙa karantawa a ɗakunansu ba tare da limami ba. Ya yaɗu ƙwarai, har dubbai daga cikin kwafe-kwafensa sun tsira zuwa yau. Mai karatu da ya san Dala'ilul Hairati na Shehu Jazuli, wanda aka wallafa a Maroko a cikin ƙarni na 15, ba zai sha wuyar gane nau'in ba: ƙaramin littafi ne, an kasa shi bisa lokaci, mai shi yana karanta kasonsa shi kaɗai, masu hali kuma sukan sa a yi musu nasu da zayyana.

A bisa al'ada littafin sa'o'i yakan fara da kalanda mai nuna bukukuwa da ranakun waliyyai. Sai guntayen karatu daga Linjila huɗu. Sai addu'o'in Maryamu uwar Yesu, waɗanda su ne zuciyar littafin, kashi takwas, kowane kashi da hotonsa daga labarin haihuwar Yesu da ƙuruciyarsa. Sai surori bakwai na tuba daga Zabura, galibi da hoton Dawuda yana neman gafara a farkonsu. Sai addu'ar matattu, da gajerun addu'o'i ga waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

Hoto a cikin irin wannan littafi yana da aiki biyu. Na farko, alama ce. Littafin ba shi da lambar shafi, da yawa daga cikin masu shi kuma Latin ɗinsu bai taka kara ya karya ba, saboda haka da hoto ake gane inda za a buɗe. Na biyu, abin tunani ne: mai addu'a ya dubi abin da aka zana, ya sa kansa a wurin, sa'an nan ya karanta. Da waɗannan ma'aunai biyu ya kamata a auna masu zanen, domin a kansu aka ɗauke su aiki.

Akwai kuma abin lura ɗaya. Sa'ad da aka fara wannan littafi, injin ɗab'i ya riga ya kafu a Milan tun 1471, a Faris kuma ana ta buga littattafan sa'o'i masu araha. Ke nan wadda ta sa aka yi mata nata da hannu a 1490 ba rashin wata hanya ce ta sa ta ba. Zaɓa ta yi, kuma zaɓin yana da ma'ana.

3.0 Hannuwan da Littafin ya Bi

Gidan Sforza ba tsohon gidan sarauta ba ne. Francesco Sforza shugaban sojan haya ne, da ƙarfin takobi da auren 'yar sarkin da ya gabata ya hau gadon Milan a 1450. Ɗansa Galeazzo Maria ya gaje shi, ya auri Bona 'yar gidan sarautar Savoy a 1468. Ranar 26 ga Disamba 1476 wasu mutum uku daga cikin manyan gari suka soke Galeazzo har lahira a cocin Santo Stefano. Ɗansa Gian Galeazzo yana da shekara bakwai, saboda haka Bona ta riƙe masa sarauta. Riƙon bai daɗe ba. Ƙanin mijinta, Ludovico, ya yi ta saƙa har a 1480 aka fille kan Cicco Simonetta, babban magatakardan da Bona ke dogara da shi, ita kuma aka ture ta gefe. Shekara goma bayan wannan ne ta sa aka fara mata littafin. Mace ce mai sunan sarauta ba ta da iko, tana zaune a inuwar wanda ya ƙwace gadon ɗanta.

Wanda aka ba aikin shi ne Giovan Pietro Birago, limamin coci kuma babban mai zayyana na fadar Milan. Wata wasiƙa tasa ta tsira, a ciki yana kai ƙarar wani ɗan zuhudu mai suna Johanne Jacopo, cewa ya sace masa wani kaso na littafin da yake yi wa Bona tun bai gama ba. Ya ƙiyasta kuɗin abin da aka sace ya haura dukat 500, ya kuma roƙi kada a saki ɓarawon daga kurkuku sai ya biya. Dukat tsabar zinariya ce mai nauyin kimanin giram uku da rabi, watau Birago yana maganar zinariya kilo ɗaya da kashi uku cikin huɗu, a kan 'yan warƙoƙin da za su shiga hannun riga. Ɓarawon kuwa ya san abin da ya ɗauka. Ya kwashe kalanda gaba ɗaya, ya kuma tsinci hotuna daga sassa dabam-dabam, musamman daga addu'o'in Maryamu.

A 1494 Gian Galeazzo ya rasu, Ludovico ya hau gado sosai, Bona ta bar Milan da littafinta mai giɓi. Ta rasu a 1503, littafin ya faɗa hannun ɗan ɗan'uwanta Philibert, mai sarautar Savoy. Shi ma ya rasu a 1504, ya bar matarsa Margaret 'yar Sarki Maximilian na gidan Habsburg, tana da shekara 24, kuma wannan ne karo na biyu da miji ya mutu ya bar ta. Ba ta sake aure ba. Daga 1507 ta zama mai riƙon ƙasashen da yau ake kira Beljiyam da Holan a madadin ɗan wanta Charles, fadarta tana garin Mechelen. A 1517 ta sa wani marubuci, Etienne de Lale, ya kwafe shafukan rubutun da suka ɓata, yana kwaikwayon hannun Italiya. Sa'an nan mai zanen fadarta, Gerard Horenbout mutumin Ghent, ya zana hotuna 16 da gefen shafi biyu, ya gama wajen 1520. Kalanda dai ba a mayar da ita ba. Ana zaton Margaret ta yi wa Charles kyautar littafin, wanda aka zaɓa babban sarkin Daular Rum Mai Tsarki a 1519.

Daga nan littafin ya ɓace daga tarihi shekara ɗari uku da hamsin, sai a 1871 wani Bature ɗan Ingila, John Charles Robinson, ya saye shi a Madrid. Daga hannunsa ya koma na John Malcolm, wanda ya ba Gidan Tarihi na Biritaniya kyautarsa a 1893. Yanzu an raba shi mujalladi huɗu.

4.0 Hannun Birago

Hotuna 48 daga cikin 64 na Birago ne, haka kuma kusan dukkan zayyanar gefe. Shi ne mai gida a littafin, da shi ya kamata a fara.

Birago ɗan makarantar arewacin Italiya ne, tasirin Andrea Mantegna a bayyane yake a aikinsa. Mutanensa kamar daga dutse aka sassaƙo su. Kowane layi yana da kaifi, ninkin tufafi yana karyewa kamar takarda mai kauri, duwatsu suna hawa hawa-hawa kamar an jera su da hannu, launuka kuma, ja da shuɗi da kore da ruwan zinariya, kowanne yana tsaye a iyakarsa bai narke cikin ɗan'uwansa ba. Abin mamaki shi ne, a daidai waɗannan shekaru Leonardo da Vinci yana Milan, a fadar Ludovico, yana koya wa masu zane inuwa mai laushi wadda ke haɗa jiki da iska kamar hayaƙi. Birago ya zana cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa a cikin wannan littafi 'yan shekaru kafin Leonardo ya zana nasa a bangon Santa Maria delle Grazie tsakanin 1495 da 1498, amma sabon salon bai taɓa shi ba. Wannan ba aibi ba ne a ɗan shafi mai faɗin santimita tara. Kaifin layi shi ke sa ido ya rarrabe mutum goma sha uku a fili da bai kai katin wasiƙa ba.

Inda Birago ya fi ƙarfi shi ne inda labari ke da motsi ko tsanani: shan azabar Yesu, da jerin waliyyai, kowanne da alamarsa da abin da ya same shi. Alal misali a ɗauki hoton Maryamu Magadaliya. Almarar Kiristocin Turai ta ce ta ƙare rayuwarta shekara talatin a wani kogo a kudancin Faransa, ba tufa sai gashin kanta, mala'iku suna ɗaga ta sama a kowane lokacin addu'a. Birago ya zana ta lulluɓe da gashi, mala'iku sun ɗauke ta, ƙasa da duwatsu suna can ƙarƙashinta. A nan salonsa mai tauri ya yi amfani, domin jikin da ake ɗagawa yana da nauyi, mai kallo yana jin cewa ɗaga shi aka yi. Idan kuma aka tuna wadda aka yi wa littafin, za a ga hoton ya dace da ita fiye da yadda fadanci zai iya: mace da aka keɓe daga duniya, wadda abin da ya rage mata shi ne sa'o'in addu'a, ga shi kuwa littafin da ke hannunta na waɗannan sa'o'i ne.

Rauninsa yana wuri biyu. Na farko fuskoki. Matasansa da mala'ikunsa kusan fuska ɗaya gare su, da gashi mai nannaɗe iri ɗaya, kamar 'ya'yan ɗaki guda. Yakan nuna baƙin ciki da buɗe baki da ɗaga hannu, abin da ke tsakanin kuka da shiru kuwa ba ya cika kama shi. Na biyu gefen shafi. A nan ne Zamanin Farfaɗowa ya shigo da kayansa duka: ginshiƙai irin na tsohuwar Rum, tuluna, lu'ulu'u da duwatsu masu daraja, tsuntsaye, dabbobi, kayan kiɗa, da jarirai tsirara masu fukafukai suna wasa. Wasu daga cikin waɗannan suna da hujja. Surar ƙarshe ta Zabura, wadda ake karantawa a addu'ar asuba, kira ce a yi yabon Ubangiji da kayan kiɗa iri-iri, saboda haka molo da ƙaho a gefen littafin sa'o'i ba baƙi ba ne. Amma da yawa ba su da wata alaƙa da rubutun da suka kewaye. Rubutun layuka kaɗan ne a tsakiya, adon kuwa ya fi shi ɗaukar ido nesa ba kusa ba. Wanda ya buɗe domin ya karanta, sai ya yi da gaske kafin idonsa ya bar jaririn da ke wasa a ƙasan shafi.

5.0 Hannun Horenbout

Aikin da aka ba Horenbout ya fi na Birago wuya ta wata fuska. Birago farar fata aka ba shi. Horenbout kuwa rigar wani aka miƙa masa da ɓula a ƙirji aka ce ya yi maho, kuma shi ba ƙaramin tela ba ne da zai ɓoye hannunsa. Yana cikin manyan masu zayyana na Ghent da Bruges, inda masu zane suka gaji Jan van Eyck da Hugo van der Goes. Abin da wannan makaranta ta ƙware a kai shi ne haske: yadda yake shigowa ta taga ya kwanta a kan mayafi, yadda ƙasa mai nisa ke komawa shuɗi-shuɗi har ta haɗe da sama, yadda fuskar tsoho ta bambanta da ta wani tsohon.

Abin da ya kamata a yaba masa da farko shi ne abin da ya bari. A littattafan ƙasarsu na wancan lokaci an saba watsa furanni da malam-buɗe-littafi da ƙwari a gefen shafi, da 'yar inuwa ƙarƙashin kowanne, har mutum ya ji kamar ya hure su. Horenbout bai kawo wannan ba. Ya bi girman hotunan Birago da siririn firam ɗinsu, ya ƙara wa launukansa haske domin su zauna da na maƙwabcinsa, ya sa gine-gine masu ado irin na Italiya a bayan mutanensa, a gefen shafi biyun da ya yi kuma ya kwaikwayi kayan adon Birago. Watau ya sauke rabin kayansa a bakin ƙofa kafin ya shiga gidan wani.

Abin da bai sauke ba shi ne yadda yake ganin mutum. Yawancin hotunansa sun faɗa a addu'o'in Maryamu, inda ɓarawo ya fi yin ɓarna: albishir ɗin mala'ika, ziyarar Maryamu ga Alisabatu, haihuwa, makiyaya, zuwan masanan gabas, gudu zuwa Masar. Waɗannan labarai ne na cikin gida, na uwa da jariri da tafiya da gajiya, ba su bukatar ihu. Mutanen Horenbout suna tsaye a cikin iska, suna da fata da shekaru, idanunsu suna kallon wani abu takamaimai. Mai addu'a da aka ce ya sa kansa a wurin zai sami inda zai tsaya a ɗakin da Horenbout ya zana, domin ɗakin yana da ƙasa da bango da hanyar shiga. A hoton Birago kuwa mutum ɗan kallo ne, an tsai da shi a gaban dandali.

Saboda haka, idan aka auna da ma'auni na biyu da aka ambata a baya, watau hoto a matsayin abin tunani, ra'ayina shi ne Horenbout ya fi dacewa da sashen da ya faɗo masa fiye da yadda Birago zai dace, kamar yadda Birago ya fi dacewa da waliyyai da azaba. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Wannan ba wanke ɓarawo ba ne, domin Birago ya yi asarar aikin shekaru, Bona kuma ta mutu ba ta ga littafinta cikakke ba. Abin da ake nufi kawai shi ne rabon aikin da sata ta haifar ya zo daidai da baiwar kowannensu.

Duk da haka ɗinkin yana nan a fili. Wanda ke bin addu'o'in Maryamu zai fito daga hoto mai sanyin haske ya faɗa shafukan rubutu masu gefe mai walƙiya da hayaniya, sa'an nan ya sake komawa. Hotuna 16 ba su isa su sauya muryar littafi mai warƙa 348 ba. Rashin kalanda kuma giɓi ne na gaske, domin da ita mai littafi ke sanin ranar da yake ciki a shekarar ibada, kuma a nan ne masu zayyana ke nuna ayyukan watanni, noma da girbi da farauta, watau inda talaka ke samun shiga littafin sarauta.

6.0 Ibada ko Sarauta?

Tambaya ta biyu ta fi tsauri, kuma a kanta babu ɗaya daga cikin masu zanen biyu, ko matan biyu, da ya fita da hannu fari.

Bona ta sa sunanta da haruffan sunanta a gefen shafuka. Ta kuma sa tambarin da ta ɗauka bayan kisan mijinta, watau tsuntsun almara wanda ke ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa, tare da kirarinta na Latin wanda ma'anarsa ita ce tun da an bar ta ita kaɗai, Allah kaɗai take bi. Ana iya karanta wannan a matsayin tawali'u. Ana kuma iya karanta shi a matsayin ƙorafi, domin duk wanda ya gani a fadar Milan ya san wanda ya bar ta ita kaɗai, ya kuma san cewa tsuntsun ba ya zama a cikin toka. Littafin da kuɗin kashi ɗaya nasa ya haura dukat 500 ba domin ɗaki kaɗai aka yi shi ba. Akan nuna wa baƙi irinsa, akan lissafa shi cikin dukiya tare da sarƙoƙi da zobba. A gidan da sarautarsa ba ta wuce shekara arba'in ba, ga mace da aka raba da iko, littafi irin wannan hujja ce cewa har yanzu ita ce wadda take.

Margaret ta wuce Bona a wannan fage. Masana da yawa suna ganin fuskarta ce Horenbout ya ba Alisabatu a hoton ziyara. Abin da ya fi wannan shi ne farkon surorin tuba. A shafi ɗaya ga Dawuda, sarkin da ya yi laifi yana roƙon gafara. A gefen shafin da ke fuskantarsa kuwa ga hoton Charles cikin da'ira da ruwan zinariya, kamar kan sarki a jikin kuɗi, da shekarar 1520. Mai kyautata zato zai ce gwaggo ce ke yi wa ɗanta nasiha, saurayi ɗan shekara ashirin da aka ɗora wa rabin Turai: ga sarkin da ya fi ka, ga shi a durƙushe. Mai tsananta zato zai ce an kai fadanci har cikin shafin da aka keɓe domin ƙasƙantar da kai. Ni dai ina ganin shafin yana ɗauke da duka biyun, kuma wannan ne ya sa ya fi kowane shafi bayyana halin littafin. Nasihar tana nan ga mai neman ta, amma Dawuda ne ke durƙushe, Charles kuwa bai sunkuyar da kai ba.

Tarihi ya ƙara wa shafin wani abu da Margaret ba ta nufa ba. Faransawa suka kori Ludovico daga Milan a 1499, suka kama shi a 1500, ya mutu a tsare a Faransa a 1508. Sa'ad da Francesco na biyu, sarki na ƙarshe daga gidan Sforza, ya rasu ba magaji a 1535, Milan ta koma hannun wannan Charles ɗin. Littafin Bona ya riga ƙasar mijinta ɗaukar hatiminsa da shekara goma sha biyar.

To, shin adon ya ci addu'ar? A gefen shafuka da yawa, i, ya ci. A cikin manyan hotuna, na Birago da na Horenbout, bai ci ba, domin mafi kyawunsu suna mayar da mai kallo ga abin da zai karanta. Littafin yana yi wa iyayengiji biyu hidima, kuma wanda ya ce ɗaya kaɗai yake yi wa, ko wanne ne, bai duba shi duka ba.

7.0 Kammalawa

Uku daga cikin warƙoƙin da aka sace sun ɓullo daga baya, duk kuma sun iso inda littafin yake: hoton zuwan masanan gabas a 1941, shafin kalanda na watan Mayu a 1984, da na watan Oktoba a 2004. Na farkon ya fi muhimmanci ga mai nazari, domin yanzu akwai hoto biyu na labari ɗaya da aka yi wa gurbi ɗaya, na Birago da aka sace da na Horenbout da ya maye shi. Duk abin da aka faɗa a sama game da bambancin hannuwan biyu, mai shakka yana iya ajiye hotunan nan gefe da gefe ya gwada da idonsa, gani ya kori ji.

Wannan kuma ya ta da wata tambaya. Tun da na asali ya dawo, shin a cire maho a mayar da shi? An ajiye warƙoƙin uku dabam, kowace da lambarta, ba a cusa su cikin littafin ba, kuma ina ganin haka ya dace. Littafin da Bona ta yi oda bai taɓa kammaluwa ba ko da rana ɗaya, saboda haka babu wani asali da za a koma gare shi. Wanda ya kammalu shi ne na 1520, mai hannu biyu da mata biyu, kuma shi ne ya rayu shekara ɗari biyar.

Amsar tambayar farko ke nan: littafi ɗaya ne, amma ɗayantakarsa ba ta salo ba ce. Abin da ya haɗa shi shi ne tsarin addu'o'in da kowane mai zane ya bi, da kuma ladabin da na biyu ya nuna wa na farko, ya karɓi girman shafinsa da firam ɗinsa da launinsa ba tare da ya yi ƙaryar zama shi ba. Wanda duk aka ba aikin cike giɓin wani, ko a zane ko a rubutu ko a gyaran tsohon gini, yana da abin koyi a hotuna goma sha shida na Horenbout: ya san abin da zai bari domin aikin ya zauna, ya kuma san abin da in ya bari, aikin ba zai yi kyau ba.